Firintar gida mai wifi wadda ke hidda hoto, wa ya taɓa aiki da ita ya ba ni shawara?

Maman Zalika, Tawa

Salamu alaikum jama'a, ina wuninku, ya gida ya ƙura. Don Allah shawara nike nema ga waɗanda sunka taɓa riƙe irin firintar nan mai aiki uku, ta buga takarda ta yi fotokofi ta yi sikan, kuma ta hidda hoto kai tsaye daga salula ba sai an jona mata waya ba. Ni malamar lakkwal ce nan Tawa, kuma kun san yadda ake shan wuya lokacin haɗa dosiyen ƴan jarabawa, kofin takardar haihuwa, ƙananan hotuna, wannan a kai wancan a maido, ga kuɗin kabu-kabu zuwa cikin gari kullum. Ban da wannan ina son in riƙa hidda hotunan yara da na suna da na biki in sa cikin albom, don salula in ta lalace ko anka sace ta komi ya tahi ke nan, hotunan uwata Allah ya jiƙanta haka munka rasa da yawa.

Mun taɓa samun wata, ƙanen maigidana ya kawo muna tsaraba daga Faransa, mai kartush biyu, baƙi da mai kala. Da fari hoto na fita tas gwanin sha'awa, amma ba a jima ba tawada ta ƙare, munka aika har Yamai a nemo kartush, wanda anka aiko ya shiga wurinsa daram amma injin ya ƙi karɓa, sai wata ƴar wuta ke ta ƙiftawa. Yanzu tana bisa sif an lulluɓe ta da tsohon zane.

To abin da nike son sani, mai kartush za ni sake saye ko waɗannan masu tanki da ake zuba ma tawada da kwalba? Kuma mu gidanmu babu wifi, forfen salula kawai muke sa, shin za ta yi aiki hakanan? Sai kuma zafi da ƙurar Ader, tana iya jurewa? Abin da ni iya kashewa bai wuce jika 150 ba.

Mai gyara, Yamai

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ɗalibanku sa'a. Gyaran firinta da kwamfuta shi ne sana'ata, kuma irin taku ana yawan kawo min. Ba lalacewa ta yi ba. Kamfanonin nan sun raba duniya shiyya-shiyya, inji ɗaya ne amma lambar kartush ɗinsa ta Turai daban, ta Afirka daban, ta Amurka daban, kuma injin yana karanta kartush ɗin ya gane na wace shiyya ne. Misali a HP akwai injinan da a Turai kartush ɗinsu 302 ne, a nan Afirka 123, a Amurka 63, girma ɗaya siffa ɗaya amma na wata shiyya ba ya aiki. Ki buɗe murfin taku ki karanta lambar da ke jikin tsohon kartush, ita za a nemo miki daidai wajen masu kawo kaya daga Faransa. Kuma irin mai kartush biyun nan yawanci kan da ke fesa tawadar yana jikin kartush ɗin ne, don haka sabo yana shiga sai ta tashi ko da ta daɗe a ajiye.

Amma ga aikin da kika lissafa ban ba ki shawarar ki dogara da ita ba. Tawadar da ke cikin kartush ƴar kaɗan ce, shi kuma hoto shan tawada gare shi don takardar duka yake cikawa, kuma mai kalar nan launi uku ne cikin gida ɗaya, rawaya na ƙarewa dole ki sayi sabo ko da ja da shuɗi suna nan. Masu tanki su ne maganin wannan. Daga cikinsu akwai Epson L3250, akwai kuma Canon PIXMA G3420 da wasu daga cikin HP Smart Tank, duk suna da wifi da sikan da fotokofi. Ita L3250 tawadarta lamba 103 ce, kwalba huɗu, kowace mililita 65, kamfanin ya ce baƙar tana kai shafi 4,500 masu kala kuma 7,500, amma wannan lissafin takardar rubutu ne ba na hoto ba, kar ki ɗauka hoto dubu bakwai za ki samu. Duk da haka tsakaninta da kartush akwai nisa sosai.

Yanzu ga inda nake son ki saurare ni da kyau, don nan ne mutane ke asarar kuɗinsu. A mai tanki kan fesawar yana jikin injin, ramukansa sun fi gashi siranta, in tawada ta bushe a ciki hoto zai riƙa fita da zane-zanen fari a kwance ko wata kala ta ɓace gaba ɗaya. Littafin injinan nan yana cewa a yi aiki da su tsakanin digiri 10 zuwa 35, mu kuwa Afrilu da Mayu muna wuce 40 ko a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano. Yawancin waɗanda ake kawo min ba aiki ne ya kashe su ba, zama ne, an saya an yi murna sati biyu an rufe sai lokacin wata sallah. Ki sa wa kanki doka, kowane sati ki buga takarda ɗaya mai dukkan kaloli, ko lokacin hutun lakkwal ne, in za ki yi tafiya ki bar wa wani a gida ya riƙa yi. In za ki kashe ta ki danna maɓallinta ki jira ta yi shiru, lokacin ne kan ke komawa gefe ya zauna bisa wata ƴar roba da ke rufe shi, kar a zare waya daga bango tana kunne. In wuta ta ɗauke tana cikin aiki, da ta dawo a kunna ta ta koma wurinta. Ki ajiye ta ɗakin da ya fi sanyi nesa da taga, a rufe ta da zane kamar yadda kika yi wa waccan, takarda ma kar a bar ta tsaye a baya tana shan ƙura don ita ke kai yashi cikin injin.

Kuma kar a mai da wankin kan fesawar, wanda ake sa injin ya yi in ya toshe, abin yi kullum, kowane wanki tawada yake ja ya zubar cikin wani soso da ke ƙasan injin, injin yana ƙirgawa, ranar da ya ga soson ya cika sai ya tsaya cak sai an kawo wa irinmu. Ki haɗa da regilatar, wato injin daidaita ƙarfin wuta, ko ƙarami ne.

Baba mai hoto, Tawa

Malama ɗiyata sannu. Abin da mai gyara ya hwaɗi gaskiya ne, ni dai ta wajen hoto za ni yi magana tunda shi ne abincina tun zamanin fim. Waɗanga da ya lissafa kala huɗu gare su, sun isa ga dosiye da hoton kati da albom na gida, amma huskar mutum, musamman mu masu duhun fata, ta hi hitowa da kyau ga mai kala shida, don akwai ƙarin tawada da ke gyara inuwa da hasken goshi da kumatu. Canon G640 tana da kala shida kuma tana sikan da wifi, sai dai kuɗinta sun ɗara, kuma kahin ki saye kowace iri ki tambaya ko ana samun tawadarta kusa, don inji mai kyau da babu tawadarshi kaya ne kawai.

Abu na biyu takarda. Kar ki buga hoto bisa takardar fotokofi mai giram 80, jiƙewa take ta lanƙwashe kala ta mutu. Ki nemi mai sheƙi santimita 10x15, giram 180 ko 200, kuma cikin salula ki gaya ma injin irin takardar da kinka sa, in ba haka ba tawadar da zai zuba ba ta dacewa. Takarda guda 10x15 tana ɗaukar ƙananan hotuna takwas masu santimita 3,5 da 4,5, sai ki yanka da almakashi. In ya hito ki bar shi ya sha iska kahin ki taɓa ko ki ɗora wani bisa.

Na uku, kuma wanga shi ya hi ci mini rai, hoton WhatsApp. Kullum sai an zo mini da hoton amarya da anka tura ma wance ta tura ma wance, a salula yana da kyau, a takarda sai huska ta hito dishi-dishi a ce injina ne. WhatsApp matse hoto yake. Don 10x15 ya yi kyau ana son kamar 1200 da 1800 na ɗigo, ki ce a turo miki shi a matsayin dokima, wato kamar takarda ba kamar hoto ba, don kar a matse shi, ko ki amsa daga salular da ta ɗauka.

Kuma ki sani tawadar injinan gida tana koɗewa in rana na dukanta. Cikin albom tana daɗewa, amma wanda anka manna ga bango ba gilashi sai ki ga ya yi ja-ja. Hotunan da ba ki son rasawa, irin na tsohi, ki ajiye kofinsu cikin kle USB ban da na takarda. Ni da a ce hoto kaɗai kike so da sai in ce ki duba Canon Selphy, ƙarama ce, ba ta da tawadar ruwa da za ta bushe, kwalinta na takarda da ribo yana hidda hoto 108, amma ba ta fotokofi ba ta A4, ke kuwa dosiye ya hi yawa ga aikinki.

Fati ta Yantala

Anti ina wuni. maganar wifi kar ta dame ki mu ma ba mu da bokis a gida kuma L3250 ɗin ce gare mu. akwai abin da ake ce ma Wi-Fi Direct, ita firintar da kanta take bada rezo sai ki shiga wifi na salularki ki ga sunanta ki sa lambar sirri shi ke nan, ba ya cin forfe ko dala. sai dai ki sauke manhajarta Epson Smart Panel cikin salula tun kina da konekisiyo. abu ɗaya, wani lokaci salula in ta ga wifin nan babu intanet sai ta sake shi ta koma ma data da kanta, in kin ga ba ta ganin firinta ki kashe data ki sake gwadawa. fotokofi kuma ko salula ba ya so, ki ɗora takarda bisa gilashi ki danna, maɓalli biyu ne na baƙi da na kala, sai dai ɗaya bayan ɗaya ake sawa don ba ta jan takardu da kanta, in dosiye sun yi yawa sai kin zauna. ni ƙannena har ƴan unguwa suke ma kofi suna samun na takarda. kuma ba ta cin wuta, wajen wat 12 take ja in tana aiki, mu da batirin sola muke tada ta in babu kuran

Maman Zalika, Tawa

Kai madalla, Allah ya saka muku da alheri, Baba na gode, Fati Allah ya yi miki albarka. Na duba tsohon kartush na ga lambar, lalle ba ita ce ga wanda anka aiko ba. Hankalina ya kwanta ga mai tankin kala huɗu tunda dosiye ya hi yawa, buga takarda kowane sati kuwa Zalika za ni ɗora ma shi ranar juma'a. Malam mai gyara saura tambaya guda, yayana na Yamai shi za ya saye ya sa a mota, ya za a yi ta iso lahiya, kuma mi za ya duba a shago?

Mai gyara, Yamai

Malama ki gaya wa Yaya kar ya bari a zuba mata tawada a shago. Masu shago suna son su cika su gwada a gabanka, niyyarsu mai kyau ce, amma tafiyar Tawa ta wuce kilomita 500, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, kuma in tanki na cike aka kifa kwalin ko aka jingina shi a gefe cikin kayan mota tawada za ta bi cikin injin. Ya karɓe ta a kwalinta a rufe, ya buɗe a gabansu ya ga kwalabe huɗun suna nan da hatiminsu, da wayar wuta, ya duba bayanta an rubuta tana ɗaukar wuta mai ƙarfin volt 220, ya amshi takardar garanti da rasit mai lambar injin. Ya ƙara da wayar USB don sau da yawa ba ta zuwa a kwali, da fakitin takardar hoto. In zai ƙara tawada ya saya wurin da aka sani, akwai jabu a kasuwa masu kwali iri ɗaya kuma su ne ke toshe kai.

In ta iso ki cire duk salatif ɗin da aka manna ciki da waje, ki zuba kowace kala a gidanta, bakin kwalbar 103 an yi shi yadda ba zai shiga gidan wata kala ba kuma yana tsayawa da kansa in ya cika, kar ki matsa kwalbar. Jan tawadar farko yana ɗaukar wajen minti goma, ki zaɓi lokacin da wuta ta zauna ko ki jona ta ga batir don kar ta yanke a tsakiya. Daga nan ki buga takardar gwajin kai, ƴan layuka ne na kowace kala, ki ɗauki hotonta ki sa a nan in duba miki ko duk sun fita.