Wa ya riƙe ku lokacin da kuke sabon zuwa?

Malama Rabi, Katsina:
Assalamu alaikum jama'a. An ɗora mini kula da 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare da za su shigo makarantar kwananmu a wannan zangon. Yara mata ne 'yan shekara 11 zuwa 12, yawancinsu ba su taɓa kwana nesa da iyayensu ba. Don Allah duk wanda ya taɓa zama baƙo, a makaranta ne, gidan miji ko wurin aiki, ya faɗa mana abin da wani ya yi masa har hankalinsa ya kwanta.

Maman Ilham, Zariya:
Wa alaikumus salam Malama. Ranar farko ba ta da wuya, iyaye na nan, kowa na haba-haba da ke. Wahalar sai an watse. Ni wata 'yar aji biyar ce ta ja ni gefe ta gaya mini abubuwan da babu su a takardar dokoki: rubuta suna da fenti a gindin bokiti, ajiye cokali a aljihu, ɗebo ruwan wanka tun dare saboda layin famfo da asuba.

Amma babban abin da ta yi mini shi ne wannan. A lokacin ina fitsarin kwance, kuma tsoron a gane ya hana ni barci, har na daina shan ruwa daga la'asar. Da ta lura, ba ta ce mini komai ba. Kullum kafin kiran assalatu sai ta taɓa ƙafata, mu fita tare, in abin ya riga ya faru mu wanke zanin gadon ta shanya cikin nata kayan. Har ta gama makarantar babu wadda ta ji a bakinta. Malama, cikin yaran da za su zo miki akwai irina, kuma ba za su faɗa ba.

Ɗan Damagaram:
Mu a Nijar, yaron ƙauye in ya gama firamare ya samu kwaleji, sai a kai shi birni gidan mai masauki. Da aka koma lakwal, wato makaranta, a watan Oktoba aka kawo ni gidan wani abokin babanmu. Inna, matar gidan, a kwano ɗaya take zuba mana da 'ya'yanta, ɗiban ruwa kuma bi da bi ne, ba a bar wa baƙo ba. In dare ya yi ta ce a ba ni fitila tunda ni ke da karatu. Cikin waɗanda muka fito ƙauye tare akwai masu ƙoƙarin da suka fi ni, amma sun koma gida tun shekarar farko, domin a inda aka sauke su 'yan aike aka mai da su. Allah ya ji ƙan Inna.

Hajiya Binta, Gusau:
Amin. Nawa na gidan miji ne, babban gida mai sassa da yawa. Kwanakin amarci ana ta kawo abinci, sai ga ranar shiga girki. Da daddare facalata, matar yayan maigida, ta shigo ɗakina ta ce, "Amarya, mudu kaza muke tuƙawa. Baba ba ya son gishiri saboda hawan jini, ki ɗebar masa miyarsa kafin ki ƙara. Kwanon Hajiya shi ake fara zubawa." Washegari ta zauna kusa da murhu tana tsinke zogale kamar aikinta take yi, alhali ni take tsaro. Da aka yaba tuwon ta ce ai hannun amarya ne. Ana yawan cewa facaloli ba sa shiri, ni dai tawa ita ta buɗe mini gidan.

Abu Safwan, Kano:
A Kantin Kwari na tashi yaron shago. Ƙa'idar maigidana ɗaya ce: ba ya yi wa yaro faɗa a gaban mai saye. Sai an rufe shago ya ce zo mu zauna. Haka nake yi da nawa yaran yanzu.

Injiniya Bello, Bauci:
A 2016 aka tura ni hidimar ƙasa jihar Imo. Bayan sansanin mako uku aka ba ni wata sakandare a wajen Owerri, ban san kowa ba, alawin naira 19,800 ma bai shigo ba. Mataimakin shugaban makarantar, dattijo Kirista, shi da kansa ya tambaye ni ƙarfe nawa muke sallar Juma'a, ya gyara jadawalin darasi ya cire ni daga wannan lokacin. Juma'ar farko a motarsa ya kai ni Ama Hausa, unguwar Hausawa a Owerri, ya nuna mini masallaci da inda zan sami nama yankan Musulmi. Ban roƙa ba, kuma da bai fara ba kunya ba za ta bar ni in yi magana ba. Baƙo ba ya iya tambaya, Malama, sai wanda ya tarar ya riga shi.

Ummu Hani, Sakkwato:
Ni zan ɗan saɓa. Maman Ilham ta dace, amma ba kowace uwar ɗakin makaranta ce haka ba. Tawa ta zaɓe ni ne saboda ta ga akwatina. Garina da sukarina da madarata duk a wurinta suka ƙare, wankinta kuma ni, kuma ana cewa ai kula da ni take. Na rasa wanda zan kai wa ƙara, tunda a idon malamai gata aka yi mini. Kada ki bar manyan su zaɓi yara da kansu. Ke ki zaɓo masu haƙuri ki haɗa su, sannan ki riƙa kiran ƙananan ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban yayyen ba, ki tambaye su.

Malama Rabi, Katsina:
Ummu Hani, wannan ya shige ni ƙwarai, zan yi haka in sha Allahu. Maganar fitsarin kwance fa, yaya zan taimaka ba tare da na fallasa yarinya ba?

Gwaggo Asabe, tsohuwar matron, Funtuwa:
'Yata, ki sa a shimfiɗa leda a kan kowace katifa ta 'yan aji ɗaya, duka ɗakin, ki ce dokar makaranta ce don kare katifu. Ta haka babu gadon da za a nuna. Ki kuma tabbatar akwai haske a hanyar banɗaki da dare, domin da yawansu tsoron duhu ne ke hana su tashi. Wadda abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ki kai ta wurin nas a keɓe, ki sanar da mahaifiyarta ita kaɗai.