Ɗalibin lauya zai iya tsaya wa mutum a kotun ƙananan ƙararraki?

Hajiya mai atamfa: Jama'a, ina bin wata mata naira 180,000, kuɗin atamfa da ta ɗiba a shagona na Kasuwar Gumi tun ƙaramar salla. Lauyan da na je wurinsa, abin da ya yanka min ya kusa rabin bashin. Ɗan ƙanwata yana aji biyar na karatun lauya a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya ce malaminsu zai duba masa komai. Me zai hana ya tsaya min?

Barista: Hajiya, doka ce ta hana. Sai ya gama shekara biyar ɗin, ya yi makarantar horar da lauyoyi, ko Bagauda ko Bwari ko inda aka tura shi, an rantsar da shi, sunansa ya shiga kundin Kotun Ƙoli. Kafin nan, in ya miƙe a matsayin lauyanki, kansa zai ja wa magana.

Ɗaliba daga Kongo: Ranka ya daɗe, mun san dokar, gyaranta muke nema. Ai don mutum ya tsaya da kansa aka kafa irin wannan kotu. Da Legas ta fara a 2018, bashin da bai wuce miliyan 5 ba ake kaiwa, a gama cikin kwana 60. To in Hajiya da ba ta taɓa buɗe littafin doka ba za a saurare ta, don me za a toshe bakin wanda ya ci jarrabawar dokar kwangila da ta shaida? A Amurka kotuna na barin ɗalibai su tsaya, lauya na zaune a gefensu.

Barista: In Hajiya ta yi kuskure, kuɗinta ne. In ke kika yi, wa za a kama? Kwamitin ladabtar da lauyoyi ba shi da iko a kanki.

Ɗaliba daga Kongo: Yana da iko a kan malamin da ya sa hannu.

Barista: Malami ɗaya, ɗalibai aji guda. Sa hannun kawai zai yi, ki yarda da ni.

Baba tsohon magatakarda: Ku bar ni in sa baki, 'ya'yana. Na yi shekaru ina kallon masu zama gindin bishiya a ƙofar kotu da jaka a hammata, suna rubuta wa mutane ƙara suna karɓar na goro. Ba wanda ya horar da su, ba mai duba su. Ni dai da su gara yaron da malami ke tsaye a kansa. Wakilci ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, a kotun shari'ar Musulunci mutum na wakilta ɗan'uwansa. Amma Barista ya yi gaskiya, yau in ya miƙe majistare zai zaunar da shi.

Hajiya mai atamfa: To Baba, ni yanzu ya zan yi?

Baba tsohon magatakarda: Ɗan ƙanwarki ya taya ki rubuta takardar neman biya, ya cike miki fom, ranar zama ya raka ki ya zauna a benci. Bakinki zai yi magana. Kina da shaida?

Hajiya mai atamfa: Yana cikin littafin bashi, da saƙon muryarta na WhatsApp tana cewa in ƙara mata haƙuri zuwa ƙarshen wata.

Baba tsohon magatakarda: Kada ki bari jikoki su taɓa wayar nan.