Neman shawara: furoksi da Shibboleth a ɗakin karatu

Abu Hafsa, Madina: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da kwamfutocin ɗakin karatu na wata kwaleji. Ɗalibanmu suna shiga rumbunan mujallun ilimi na JSTOR da ScienceDirect daga gida da asusun makaranta ta Shibboleth, manhajar da ke tabbatar wa rumbu cewa mai shiga ɗan makarantarmu ne, lafiya lau. Sai dai wasu rumbunan littattafan Larabci ba su san SAML ba, wato tsarin saƙon shaida da Shibboleth ke aiki da shi, lambar IP (adireshin kwamfuta a intanet) kawai suke dubawa. Mun kafa EZproxy, furoksin da ɗalibi ke bi ta cikinsa don rumbu ya ga IP ɗin kwaleji, amma ɗalibi na shiga sai burauza ta ce satifiket ɗin tsaron shafin ba shi da inganci, wani lokacin kuma a kore shi tun a ƙofa. Ina mafita?

Injiniya Sani, Riyad: Wa alaikumus salam Malam. Matsala biyu ce. Ta satifiket tukuna. EZproxy yakan sake rubuta sunan kowane shafi, ya mai da ɗigo zuwa karan ɗori, www.jstor.org ya koma www-jstor-org sannan sunan sabarku ya biyo. Don haka satifiket mai suna ɗaya ba zai wadatar ba, sai mai alamar tauraro (*) a gaba, mai karɓar duk waɗannan sunaye, wanda ya ƙunshi sunan sabar ita kanta. Haka a DNS, tsarin da ke haɗa suna da lambar IP, a sa shigarwa mai tauraro ta nuna IP ɗin furoksin. A buɗe tashar 443, wadda shafuka masu tsaro ke bi. Ta 2048 da EZproxy yake zuwa da ita, wasu masaukan ɗalibai da otal-otal sukan toshe ta.

Ta korar kuwa, fara duba agogo. Saƙon SAML yana da wa'adi, Shibboleth kan jure saɓanin daƙiƙa 180 ne. Haɗa sabar EZproxy da ta Shibboleth da NTP, tsarin da ke daidaita agogo ta intanet. Bambancin awa 3 da ke tsakaninmu da UTC, lokacin da duniya ke awo da shi, ba ya cutarwa muddin an saita yankin lokaci daidai, wanda ya juya agogo da hannu shi ke shan wahala.

Ummu Khalid, Jidda: Ƙari a kan bayanin Injiniya: in agogo daidai ne, to mai yiwuwa sabar Shibboleth mai ba da shaidar ba ta saki bayanan ɗalibi ga furoksin ba. Ku yi musayar metadata, wato bayanan da sabar ke gane 'yar uwarta da su, ta ɓangarori biyu, ku saki eduPersonScopedAffiliation mai nuna matsayin mutum a makaranta, sannan a fayil ɗin shibuser.txt na EZproxy ku hana duk wanda ba ɗalibi ko ma'aikaci ba. In ba haka ba, tsofaffin ɗalibai ma za su riƙa shiga, lasisi kuwa bai yarda ba.

Injiniya Sani: Gaskiya ne Hajiya. Kuma Malam, kada ka tura JSTOR ta furoksi tunda SAML na aiki. Mawallafi na ganin duk jama'arku a IP guda, mutum ɗaya ya kwashi fayiloli fiye da kima sai a rufe kwalejin baki ɗaya. Sa UsageLimit, iyakar abin da mutum zai sauke, a fayil ɗin config.txt na EZproxy, misali MB 200 cikin minti 15, ya dakatar da mai asusun shi kaɗai.

Abu Hafsa: Allah ya saka da alheri. Satifiket ɗinmu mai suna ɗaya ne, gobe in sha Allah zan nemi mai tauraron.