Tsoffin kaset ɗin masu tallar Avon: abin da aka ce a yi da su

A wata hira da aka yi, an tattauna abin da ya kamata a yi da tsoffin kaset da faifan garmaho na horar da matan da ke bin gida-gida da kayan kwalliyar Avon, kamfanin da David McConnell ya kafa a Amurka a 1886. A ciki ake koya musu sallama a ƙofa, da yadda za a shafa wa uwargida turare ta shaƙa kafin a yi maganar kuɗi.

Shawarar da aka fi nanatawa: kada a yi gaggawar kunnawa. A fara juya kaset da biro a ga ko zaren ya manne. In ya yi fumfuna, kunna shi zai ɓata shi, ya ɓata rediyon ma. Faifan roba mai laushi kuwa, a ɗora masa kwabo don kada ya zame.

Sai a kwafe muryar a kwamfuta a tsarin ajiye sauti na WAV, a ɗauki hoton takardar jikin kaset ko faifan don a san shekarar da aka yi shi. A nisanta su da zafi da maganaɗisu.

Abin da ya fi taɓa ni, kaset ɗin da matan suka naɗa da kansu a taronsu sun fi na kamfani wuyar samu. Na kamfanin, gidan tarihi na Hagley a Delaware yana adana kundin Avon.