Komik ɗaya bango biyu, in saya ko in haƙura?

Ɗan_Samaru:
Salam 'yan uwa. Jiya na tsaya wajen wani mai kasa tsofaffin littattafai a bakin titin Samaru sai na ci karo da komik, wato littafin labari cikin zane, na X-Men lamba 1 na 1991 har guda biyu, ciki iri ɗaya sak amma bango daban, ɗaya hoton Magneto shi kaɗai, ɗayan na Wolverine da Cyclops da Iceman, duk 'yan cikin labarin. Mutumin ya kafe wai kayan tarihi ne, kuɗin da ya yanka min ya kusa na abincina na wata. Wallahi raina ya biya. Don Allah masu sani, yana da tsada haka?

Mai_Fensir:
Wslm ƙanina. Kar ka yarda. Zanen Jim Lee ne, bango biyar aka mai, huɗu in ka jera su gefe da gefe sai su haɗe su zama hoto guda, na biyar ɗin mai naɗewa ne ya haɗa duka. Amma fa sama da kwafi miliyan 8 aka sayar, mutane a Amurka suka riƙa saye biyar-biyar suna ɓoyewa wai zai yi kuɗi, to abin da kowa ya ɓoye ta ina zai yi wuyar samu? Ba a jima ba kasuwar ta rushe, Marvel kanta, kamfanin da ke buga X-Men, a 1996 sai da ta je kotu kan bashi. Wanda ke tsada shi ne irin 1:25 ko 1:100, wato a 1:100 sai mai shago ya yi odar kwafi ɗari kafin a ba shi ƙwaya ɗaya mai wancan bangon.

Hajjo_Kongo:
Ni dai don zanen nake tarawa, mai zanen nan Peach Momoko ta gama da ni, yadda take sa kalar ruwa kamar a taɓa. Ka leƙa comics.org ka gwada bangon da na hannunsa, a Comic Art Fans kuma masoya na ɗora ainihin zanen hannu. Ka duba ƙusar tsakiya ko ta yi tsatsa, ka sansana takardar. In ka saya ka sa a leda da kwali a baya, ka tsayar da shi nesa da bangon ɗaki, damina ɗaya gara ta cinye min guda shida a ƙarƙashin gado, har yau abin na min ciwo.

Ɗan_Samaru:
Na gode yaya, na gode Hajjo, Allah ya saka. Na Magneton gefensa ma ya ɗan yage. Gobe bayan lacca zan koma in taya shi ɗaya kawai.