Agogon tunawa da gasar Rio 2016

Mai tambaya, daga Tawa: Assalamu alaikum ƴan'uwa. An yi mini tallan agogon Omega Speedmaster na tunawa da gasar Olamfik ta Rio, wadda ɗan wasan taekwondo Alfaga ya ciwo wa Nijar lambar azurfa a cikinta. Yaya zan gane na asali ne?

Amsa daga Yamai: Wa alaikumus salam, Malam. Guda 2016 kacal aka ƙera, kowanne da lambarsa a bayansa, saboda haka ka nemi akwatinsa da katinsa, ka duba ko lambobin sun dace.

Wata amsa: Alhaji, danna maɓallin sama. Idan dogon hannun daƙiƙa yana tsalle maimakon tafiya sumul, ƙananan da'irorin nan uku da ke fuskar agogon kuma ado ne kawai, to jabu ne. Haka aka cuce ni bara, har yau abin yana mini ciwo.