Shawarwari kan gini a gaɓar Tafkin Cadi

A zaman da muka yi da masunta da manoma a garin Bulanguwa na ƙasar Kamaru, a bakin kogin Shari, yawancin shawarwarin sun tsaya ne kan gini. Dattawa sun tunatar cewa tafkin, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, yana janyewa yana dawowa, don haka kada busasshiyar ƙasa ta ruɗi mai kafa gida ko kasuwar kifi. Mun ga yadda ambaliyar 2022 ta narkar da katangun laka. An nemi a bar ciyayin bakin ruwa inda kifi ke hayayyafa, a daina amfani da taru mai ƙananan idanu, a rage saran itace don bandar kifi. Ni dai burtali ya fi damuna: a shata wa makiyaya hanyar mashaya kafin a raba filaye.